Matar da Ba Ta San Inda Makulli Yake Ba

A ƙauyenmu na Kamizato, idan abu ya ɓata ba a nemansa, Tomeko ake tambaya. Tun tana yarinya haka take. Ita ce auta a gida mai 'ya'ya takwas da almakashi ɗaya, kuma a irin wannan gida wanda ya san inda almakashi yake shi ne ke mulki. Ta yi karatu gwargwadon yadda ake barin 'yan mata su yi a zamaninta, ta yi 'yan shekaru tana aiki a masaƙa a birni, sannan ta dawo ta auri Genzo Kuramochi, wanda ya iso wurin bikinsa da hular wansa domin tasa ta ɓata. Tsofaffi suka ce tukunya ta sami murfi.

Ni maƙwabcinsu ne, shinge ɗaya ya raba mu. Na koyar a firamaren ƙauyen har ranar da yara suka ƙare aka rufe ta. Tun daga nan aikina zaman baranda ne, kuma ba na wasa da shi.

Kada a ɗauka Genzo sakarai ne. Manomin shinkafa ne na ƙwarai, kuma maharbi. A cikin daji zai dubi ƙasa ya gaya maka wane aladen daji ne ya wuce, namiji ko mace, da gonar wa ya kwana. Idan an fita farauta ya san inda kowane mutum yake tsaye ba tare da ya waiwaya ba, kuma ba a taɓa jin ya harbi abin da bai gani da idonsa ba. Abin da ya gagare shi shi ne kayan da ba sa numfashi. Tabarau, hula, lauje, laima. Ya taɓa tafiya gari da motarsa ta ɗaukar kaya ya dawo a bas, ya zauna cin abinci, sannan ya leƙa waje ya ce an yi masa sata. Lokacin ko furfura bai fara ba.

Ba ya kiran matarsa da suna. «Ke» yake ce mata, tun ranar farko. Ita kuma «Tsoho» take ce masa tun yana da baƙin gashi, sai a gaban baƙi ya koma Baban Harumi.

Abu ɗaya ne a gidan da Tomeko ba ta taɓawa, ban da bindiga. A zaure, sama da wurin cire takalma, akwai kan wani ƙaton aladen daji da Genzo ya kashe yana saurayi, aka cusa masa ciyawa aka sa masa idon gilashi, baki a buɗe, haure a waje. Ranar da ta tare ta ce a sauke shi. Genzo ya ce shi ma ɗan gida ne, ya riga ta zuwa. Ba ta sake maganar ba. Ta raɗa masa suna Mai Girma, ta daina kallonsa, kuma tsummanta da ke bin kowane lungu na gidan kullum safe bai taɓa kusantarsa ba. Gida yana walƙiya, Mai Girma yana tara ƙura kamar yadda manya ke tara muƙamai.

Dokar bindiga a ƙasarmu tsohuwa ce. Bindiga tana kwana cikin akwatin ƙarfe da aka ɗaure da bango, harsashi a wani akwatin daban, kuma inda makulli yake, mai bindiga kaɗai ne ya kamata ya sani. Matarsa ba ta da izinin ko ɗaga bindigar ta share ƙarƙashinta. Sai dai a da, ɗan sandan da ke zuwa duba gidaje yakan sha shayi, ya ci tsimin kayan lambu, ya tambayi lafiyar gwiwa, ya leƙa akwati ya tafi.

Sai wata shekara wani mutum a wani birni can kudu, mai lasisi kamar kowa, ya ɗauki bindigarsa ta farauta ya shiga wurin motsa jiki ya harbi bayin Allah da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. A gidan Genzo na ji labarin, a talabijin. Babu wanda ya ƙara taɓa abinci. Tomeko ta tashi ta kashe talabijin ta ce, «Wannan ma yana da maƙwabta. Wani ya san halinsa.»

Bayan nan aka ƙara ɗaure dokar. Duk shekara uku, kafin a sabunta lasisi, sai takardar likita cewa kanka ɗaya ne, sai gwajin harbi, tsofaffi kuma a gwada ƙwaƙwalwarsu. 'Yan sanda su tambayi matarka, su tambayi maƙwabta: yana shaye-shaye, yana duka, yana da zafin zuciya? Ni ban ga laifin dokar ba, har yau kuwa. Tomeko ma haka. Amma maharban kwarinmu, da ma sun tsufa, suka riƙa miƙa bindigoginsu ɗaya bayan ɗaya, wasu don gajiya, wasu don ba sa son a tambayi matansu. Aka wayi gari Genzo kaɗai ya rage. Aladun daji kuwa babu wanda ya nemi takardar likita daga gare su. Suka yi ta haihuwa. Suna shiga gonar shinkafa su yi birgima, abin da ba su ci ba su bar masa warin da ko kaji ba sa so.

Cikin tambayoyin da ake yi wa matar gida akwai guda mai kama da gaisuwa: «Kin san inda makullin akwatin yake?» Amsar da ake so ita ce, «Ban sani ba.» To, ga Tomeko wannan magana zagi ce. Idan za ta faɗe ta sai ta dubi rufin ɗaki, ta haɗiye yawu kamar mai shan maɗaci, ta faɗe ta da muryar da ko ɗan yaye ba zai yarda ba. Tsohon ɗan sandanmu mutum ne mai tausayi, yakan dubi kofin shayinsa a daidai lokacin.

Gaskiyar lamarin kuwa ga ta. Genzo mai bin doka ne, don haka yana ɓoye makulli. Tomeko mai shara ce, don haka kafin rana ta take ta gamu da shi, ba don ta nema ba. Shi kuma kafin mako ya zagayo ya manta inda ya sa. Ba za ta iya gaya masa ba, domin bisa doka ba ta sani ba. Ba zai iya tambayarta ba, domin bisa doka shi kaɗai ya sani. Da wasu ma'aurata ne da sun karya dokar cikin raɗa sun huta. Su ba haka suka yi ba.

Safiyar farauta, ina baranda, sai in ji Genzo yana buɗe aljihun tebur yana rufewa, yana ɗaga tabarma, yana huci. Sai a bar shi ya ɗan wahala. Can sai muryar Tomeko daga madafa:

«Tsoho!»

«Ke, ina da aiki.»

«Aikin me? Je rumbu ka duba mini ko daddawar waken nan ta yi. Tulu na biyu daga ƙofa. Ka ɗaga shi, kada ka tsaya leƙe kamar baƙo.»

«Kullum aike, kullum aike. Ni yaronki ne?»

«Da yarona ne da ya dawo tuni.»

Sai ya tafi yana gunaguni. Jim kaɗan ya fito yana tafiyar ƙasaita, ya ce daddawa da saura, ya shige ɗakin akwati. Wata rana takalmin ruwa za a aike shi ɗaukowa, wata rana ya juya mata hoton mahaifinsa da ya karkace. Haka suka yi shekara da shekaru. Ko Genzo ya gane, ban sani ba. Na taɓa ce masa yana da sa'ar aike. Ya dube ni ya ce, «Malam, mutum idan yana motsa jiki ƙwaƙwalwa takan buɗe. Ba ku koyar da wannan ba?»

Tomeko ba ta son bindiga, ba ta cin naman aladen daji, kuma ta sha cewa da za a narkar da ƙarfen a yi mata tukunya da ya fi amfani. Abin da ya sa ta damu da lasisin, 'yarsu ce, Harumi. Harumi tana Osaka, a wani dogon bene, kuma ta daɗe da gyara wa iyayenta ɗaki. Yarinya ce mai kirki, irin kirkin da ba ya gajiya. Wata sabuwar shekara, bayan Genzo ya ɗan kurɓi giyar shinkafa, ta matsa masa, shi kuma don ya huta ya ce, «To, ranar da bindiga ta bar gidan nan, mu ma sai mu bar shi.» Ya faɗa ne kamar yadda ake cewa ranar da kogi ya koma tudu. Harumi ba ta ɗauke shi haka ba. Kuma maganar tana da ƙamshin gaskiya: ba bindiga ba girbi, ba girbi kuwa me tsofaffi biyu za su zauna yi a bakin dutse?

Tomeko ta taɓa kwana a benen nan. Ta ce mini kafin ta gama shan shayi ta san inda komai yake a gidan, daga nan kuma sai ta zauna tana kallon bango. «Malam, gidan da babu abin da zai ɓata, ai kabari ne mai taga.»

A kakar da nake ba da labari, Genzo yana dab da tamanin, lasisinsa ya zo sabuntawa. Ya wuce likita, ya wuce gwajin harbi, ya wuce na ƙwaƙwalwa har yana gyara wa mai tambaya. Saura ziyarar gida. Sai aka ji an canza ɗan sanda. Sabon, Nagumo, daga birni aka kawo shi, kuma labarinsa ya riga shi isowa. An ce a kwarin da ke bayanmu ya yi wa wata tsohuwa tambayar makulli, ita kuma don ta kyauta wa baƙo ta ce, «Yana aljihun rigar ruwa, bari in ɗauko maka.» An ce mijinta yanzu kamun kifi yake yi.

Genzo ya ji wannan labari. Bayan 'yan kwanaki ya leƙo ta shinge, fuska cike da annuri.

«Malam, wannan karon na ɓoye shi inda ko fatalwa ba za ta gani ba.»

«Ina?»

«Kai ma doka ta hana ka.»

«Kai fa, doka ta bar ka ka tuna?»

«Ji ɗan banzan malami. Da ka iya tuna abu da makarantarka ba ta ɓata ba.»

Safiyar ziyarar, Tomeko ta shigo gidana, abin da ba ta yi sai da dalili. Ba ta zo aro ba, ba ta kawo komai ba. Ta tsaya kusa da igiyar da nake shanya kanya, ta gyara guda biyu da ba su karkace ba.

«Malam,» ta ce, «ban sani ba.»

«Yauwa, haka za ki faɗa masa. Kin fara iyawa.»

«Ba gwaji nake yi ba. Ban sani ba.»

Ta share gidan daga rufi har ƙasa. Ta zazzage buhunan shinkafa, ta laluba takalma, ta ɗaga kowane tulu a rumbu, ta duba bayan hotunan magabata tana ba su haƙuri. Babu. Genzo kuma tun jiya ta ga alamar da ta sani a tare da shi: yana tsayawa tsakiyar ɗaki yana shafa aljihu.

Lissafin a fili yake. Idan aka ce ya buɗe akwati ya kasa, za a rubuta tsoho ne da bai san inda makullin bindigarsa yake ba, kuma ba na jin akwai likitan da zai wanke wannan. Idan ita ta nuna, an karya doka. Yau kuma ko ta so karyawa ba ta da abin karyawa da shi. Kamar wannan bai isa ba, Harumi ta iso da sassafe a motarta, wai ta zo kallon ganyen itatuwa da ke canza launi da kaka. Ta zo da akwatunan kwali a naɗe a bayan mota, ko da ganyen zai yi yawa.

Nagumo ya iso kafin tsakar rana. Mutum ne siriri mai matsakaicin shekaru, mai ladabi irin na wanda ba ya niyyar yafe komai. Aka zaunar da shi a ɗakin baƙi, aka kira ni a matsayin maƙwabci. Wurin zamana yana fuskantar zaure.

«Malam, Kuramochi yana shan giya?»

«Sau ɗaya a shekara, yallaɓai, kuma yana nadama duk shekarar.»

Harumi ta yi tari.

«Yana faɗa da matarsa?»

«Ana yin faɗan a gabansa. Ba zan ce da shi ake yi ba.»

Ya rubuta wani abu, bai yi murmushi ba. Ya juya wajen Tomeko. Ya tambaye ta ko mijinta ya taɓa ɗaga mata hannu. Ta ce ko hularsa ba ya iya ɗagawa sai an nuna masa inda take. Na ga Genzo ya runtse ido. Nagumo ya kurɓi shayi, ya yaba tsimin, sannan kamar abin ya faɗo masa ne a rai ya ce:

«Af, Iya, makullin akwatin nan fa, a ina yake ajiye shi?»

Tomeko ba ta dubi rufi ba. Ta dube shi tsakar ido, fuskarta ta yi ja.

«Ban sani ba! Gidan nan ni nake share shi tun uwarka tana goyonka, babu allurar da ta taɓa kwana a inda ban sani ba, yau ga ni zaune kamar 'yar haya. Ban sani ba, yallaɓai. Rubuta. Rubuta da manyan baƙaƙe!»

Na koyar da yara shekaru masu yawa, na ji «ban sani ba» iri-iri, ban taɓa jin mai gaskiya kamar wannan ba. Nagumo ma ya ji. Ya ɗan sunkuyar da kai ya ce, «Haka ake so, Iya.» Genzo ya kumbura don alfahari.

«To, Baba, a buɗe mana akwatin.»

Genzo ya miƙe da ƙarfinsa. Ya shafa aljihun dama. Ya shafa na hagu. Ya ce yana zuwa, ya shige ciki. Muka ji aljihun tebur ya buɗe, ya rufe. Muka ji an ɗaga tabarma. Muka ji wani abu ya faɗi ya gangara, ya daɗe yana gangarawa. Tomeko ta ƙara shayi. Ta ƙara tsimi. Ta tambayi Nagumo garinsu, da garin matarsa, da ko ana samun kanya mai zaƙi a can. Yana amsawa, alƙalaminsa yana tsaye a sama kamar shaho.

Harumi ta ɗaga murya cikin taushi. «Baba, ba komai fa. Idan ka manta ka faɗa. Ba abin kunya ba ne.»

«Wa ya manta?» in ji murya daga ciki. «Shiri nake yi.»

Tomeko ta rasa abin ƙarawa a faranti. Sai ta tuna ba ta juya wa baƙo takalmansa su fuskanci ƙofa ba, abin da ba ta taɓa mantawa. Ta fita zaure, ta durƙusa, ta juya su, ta daidaita. Da ta zo miƙewa gwiwa ta ƙi, ta dafa bango, kanta ya ɗaga sama ba da sonta ba. Ta haɗa ido da Mai Girma, karo na farko tun tana amarya.

Daga inda nake ina ganin abin da ta gani. A kan hancinsa, cikin ƙurar da ta girmi Harumi, akwai sawun yatsu, sabo fil, irin na wanda ya dafa da hannu ɗaya don ya cusa ɗayan a wani wuri.

Ta ɗan jima a tsaye. Ina jin abu biyu ne suka zo mata tare: ta gane, kuma ta gane cewa tsohon nan ya zauna ya yi tunani ya gano wuri ɗaya tak a duniya da hannunta ba ya zuwa. Ban san wanne ya fi ba ta haushi ba.

«Baban Harumi!»

«Ke, ina da aiki!»

«Fito nan. Baƙo ya shigo gidana, abin da ya fara gani wannan ƙazantar ce. Yau zai bar zauren nan.»

Genzo ya leƙo, gumi a goshi. «Yanzu? Ke, kanki ɗaya kuwa? Hukuma na zaune!»

«Iya, ni bai dame ni ba,» in ji Nagumo.

«Ni ya dame ni tun kafin a yanke maka cibi. Sha shayinka. Tsoho, hau ka sauke shi ka kai rumbu. Kai kaɗai. Kuma ka riƙe shi ta baki, ka sa hannu ciki sosai, kada ya suɓuce ya fasa mini dakali.»

«Mai Girma ya riga ki zuwa gidan nan.»

«To ya riga ni fita.»

Ta dawo ɗakin baƙi ta zauna, ta ba zaure baya, ta ce ba za ta iya kallon abin ba. Ta ce wa Harumi ta juyo ta gyara mata wuyan riga. Ni kuma ta ce in duba mata ko hadari ne ke haɗuwa ta waccan tagar. Na duba. Sama tas take.

Muka ji an jawo kujera, muka ji nishi, muka ji atishawa. Ƙofa ta buɗe ta rufe. Sai ga Genzo ya shigo, ƙura har gira, yana tafiyar nan tasa ta ƙasaita, makulli tsakanin yatsu biyu.

«A yi mini haƙuri, yallaɓai,» ya ce. «Ba na ɗauko shi sai kowa ya juya baya. Doka ce.»

Sauran aikin bai ɗauki lokaci ba. Akwati a ɗaure da bango, bindiga a goge, babu harsashi a cikinta, na ɗaya akwatin kuma sun cika daidai. Nagumo ya yi wa Genzo tambayoyi kan inda aka hana harbi, ya amsa kamar mai karanta sunayen 'ya'yansa. Suka dawo ɗakin baƙi don a sa hannu. Nan Nagumo ya shafa aljihun dama. Ya shafa na hagu. Ya ɗaga takardunsa ya duba ƙarƙashi. Alƙalami ya ɓata.

Na ga bakin Tomeko ya buɗe, ya rufe. Sabo, an ce, turken wawa ne, amma masu wayo ma yana riƙe su.

«Yallaɓai,» ta ce, «don girman iyayenka miƙo mini farantin can. Ɗaga shi za ka yi, kada ka ja.»

Ya ɗaga. Ga alƙalami a kwance. Ya miƙa mata faranti, ya ɗauki alƙalamin, ya tsaya yana kallonsa. Ya dubi zaure, inda yanzu babu komai sai wani fari-farin wuri a bango mai siffar kai. Ya dubi Genzo da ƙurarsa. Ya dubi Tomeko, wadda ke tattara kofuna da fuskar da ba ta taɓa sanin komai ba.

«Iya,» ya ce a hankali, «idan wata rana kika ga Baba ya canza, ba mantuwar hula ba, canji na gaske, za ki kira ni?»

«Ba sai na kira ka ba,» ta ce. «Amma zan kira.»

Ya jinjina maganar. Sannan ya ba Genzo alƙalami ya sa hannu. A bakin ƙofa, yana saka takalman da aka juya masa, ya ce wa Genzo makulli yana son sabon wuri daga yau. Genzo ya ce da ma yakan canza, don tsaro.

Da yamma Harumi tana loda shinkafa da busasshiyar kanya a mota, a kan kwalayen da ba a buɗe ba. Shinge ba bango ba ne, kuma ni ina bakin aikina.

«Inna, kin yi maguɗi.»

«Shara na yi.»

«Ya kusa tamanin. Bindiga ce fa, ba lauje ba. Ba don in raba ku da gida nake yi ba, tsoro nake ji.»

Tomeko ta ɗaure bakin buhu, ta ja igiyar da haƙori.

«Na sani. Ni ma da tsoron nake kwana, tun ranar da na ga abin nan a talabijin. Saurara. Ubanki bai taɓa sanin inda hularsa take ba, amma bai taɓa manta inda mutum yake ba. Kullum safe ina kallonsa. Yadda yake kiran karensa, yadda yake sauka dakali, ko ya gane muryar Malam. Likita sau ɗaya yake ganinsa a shekara uku. Ranar da na ga abin da ban yarda da shi ba, ba faɗa, ba kuka. Zan daina aikensa kawai. Bindigar nan ta yi ta barci a akwatinta har ɗan siririn nan ya zo ya ɗauka. Ranar ki zo da kwalayenki.»

«Alkawari?»

«Ni ba ubanki ba ce. Ba na alkawari da giya a baki. Tura buhun nan ciki.»

Lasisi ya fito kafin dusar ƙanƙara ta sauka. A wannan hunturu Genzo ya kashe aladu da dama, aka raba nama gida-gida, Tomeko ta dafa rabonsu ba ta ɗanɗana ba. Mai Girma bai koma zaure ba. A rumbu kuma Tomeko ta ce yana sa daddawa tsami, don haka Genzo ya kawo shi barandata, wai na ɗan lokaci. Yana nan har yau. Na leƙa bakinsa sau ɗaya, don hankalina ya kwanta. Babu komai sai ƙura. Muna zaune tare muna kallon hanya, kuma masu wucewa sun ce wurin bai taɓa samun ma'aikata biyu masu kama da juna haka ba.

Shekaranjiya da safe na ji aljihun tebur yana buɗewa yana rufewa a maƙwabta. Na ajiye shayina na kasa kunne. Aka daɗe fiye da yadda aka saba, har na fara tunanin kwalaye. Can sai muryar ta taso daga madafa.

«Tsoho! Agogon bangon nan ya tsaya. Sauke shi ka duba bayansa.»

«Kullum aike,» in ji Genzo.